Kundin Gyaran Akori-Kura 504: Neman Abin da Ke Sa Injin Rawa

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Motar akori-kura ce ƙirar Peugeot 504, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Peugeot ta Nijeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara fitar da motoci a 1975, ta kuma ci gaba da harhaɗa 504 har zuwa 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Injin da ke cikinta mai lita biyu ne da ake kira XN1, silinda huɗu, kwance a karkace da digiri 45, kafireton kuwa Solex ne mai maƙogwaro biyu. Ta kawuna ce, ya daɗe yana dakon hatsi da ita tsakanin Giwa da Sabon Garin Zariya, da ƙarfinsa ya ja baya sai ya damƙa mini ita tare da larurarta.

Larurar kuwa ga yadda take. Da safe tana tashi ba gardama, amma da zarar injin ya ɗauki zafi sai ya fara rawa a silo, wato lokacin da yake aiki ba a taka totur ba, har madubin gefe yana kaɗawa, kuma idan aka tsaya a cunkoson Kwangila ko PZ sai an riƙe totur da ƙafa, in ba haka ba ta mutu. Idan aka taka totur farat ɗaya sai ta cije, wani lokaci ta yi tari ta bakin kafireto kafin ta karɓa. A kan babban titi, da zarar ta shiga giya ta huɗu, kusan ba a jin komai. Shan mai ya ƙaru ƙwarai, abin da ba ƙaramar magana ba ce a ƙarshen 2024, lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa.

Duk wanda na yi wa bayani amsarsa ɗaya ce: a wanke kafireto. Direban da ya riƙe motar kafin ni ya tabbatar mini cewa an sha wanke shi, kuma kowane makaniki sai ya murɗa sukurorin silo kafin ya rufe bonet. Saboda haka na yanke shawarar ba za a taɓa kafireton ba sai an tabbatar da lafiyar matsin silinda da ta wuta. Hujjata ita ce, kafireto ba ya tura mai da ƙarfin kansa, zuƙar iskar da fistin ke yi ce take jawo man ta cikin jet, don haka duk abin da ya raunana wannan zuƙa, ko bawul ne ko tayimin ko wata kafa da iska ke shiga, a bakin kafireto alamarsa za ta bayyana, shi ya sa sau da yawa ake barin jaki ana dukan taiki.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na fara da fulogi, domin su ne shaidun da suka ga abin da ke faruwa a ciki. A wannan injin fulogin suna can ƙasan wasu dogayen bututu da suka ratsa murfin tafet, sai da doguwar soket ake kai musu. Akwai kuma abin da ke rikita wanda bai saba da motocin Faransa ba: silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda ke kusa da kuloci, ta huɗu kuma ita ce ke kusa da lagireto. Tsarin tashin wutar 1-3-4-2 ne, na kuma bi wayoyin na ga suna kan ƙa'ida.

Na jera fulogin a kan kwali bisa lambarsu. Na ɗaya da na biyu da na huɗu baƙi ne ƙirin da busasshen hayaƙi mai kama hannu, alamar cewa mai ya yi wa iska yawa. Na uku shi ma baƙi ne, amma jiƙe yake yana warin ɗanyen fetur, wato man yana shiga ba ya ƙonewa yadda ya kamata. A bututun na biyu na tarar da baƙin mai ya taru har ya shafi dogon hannun da ke kai wuta, wanda hakan kan sa wutar ta zille ta gefe maimakon ta tsallaka bakin fulogin. Na share shi, na kuma rubuta robobin bututun cikin abin da za a saya.

Bayan na goge fulogin na daidaita bakinsu a milimita 0.6, na tayar da injin na riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba. Zare ta ɗaya ko ta biyu ko ta huɗu yana sa injin ya nemi mutuwa. Zare ta uku kuwa da ƙyar sautin ya canza. Kafireto guda ne ke ciyar da silinda huɗun, don haka ba shi da hanyar da zai ware ta uku kaɗai ya cuce ta.

Laraba, 11 ga Disamba

Na kai motar wurin wani dattijon makaniki a Tudun Wada, wanda ya yi zamani da waɗannan motoci tun suna sababbi, kuma har yanzu yana ajiye da gejin auna matsi a cikin wani tsohon akwatin katako. Mun bar injin ya yi zafi, muka cire fulogin duka, muka zare wayar kwayil, yaronsa ya danne totur har ƙasa yana murɗa makulli. Danne totur ɗin wajibi ne, domin idan maƙogwaron a rufe yake iska ba za ta ishi silindar ba, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya.

A ma'aunin matsi da ake kira psi, silinda ta ɗaya ta ba da 150, ta biyu 145, ta huɗu 150, ta uku kuwa ta tsaya a 105. Abin da ake dubawa a nan shi ne tazarar da ke tsakaninsu, wadda bai kamata ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, ta uku kuma ta gaza da kusan kashi 30. Muka zuba kamar cokali guda na baƙin mai ta ramin fulogin muka sake aunawa. Da ringi ne suka cinye, man zai toshe gefen fistin na ɗan lokaci awon ya tashi sosai, amma allurar da ƙyar ta ƙara wani abu. Iskar ke nan ta sama take gudu, ta bawul ko ta gaskit ɗin tof, wato kan injin da ke rufe silinda daga sama. Ruwan lagireto ba ya raguwa, ba ya kumfa, baƙin man kuma bai koma launin madara ba, don haka zargi ya fi karkata ga bawul.

Dattijon ya ce, "Malam, bawul ɗin nan ya ƙone, sai dai a sauke tof."

Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri mu duba tafet tukuna, idan ba shi ba ne sai a sauke."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ai shi ma ba son sauke tof ɗin Fijo yake yi ba. Dalilinsa sananne ne ga duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan injin: silif ɗin da fistin ke gudu a cikinsa ba a manne yake da bulo ba, a zaune kawai yake ruwa na zagaye shi, tof ɗin ne ke danne shi. Idan aka ɗaga tof aka kuskura aka juya injin ba a ɗaure silif ɗin ba, sai ya motsa, abin da ke tare ruwa a gindinsa ya ɓaci, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, aikin yini ɗaya ya koma na kwance injin gaba ɗaya.

Asabar, 14 ga Disamba

Setin tafet, wato daidaita ɗan sararin da ke tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi, a wannan injin sai yana da sanyi ƙalau, don haka motar ta kwana a garejin, muka hau aiki da sassafe cikin hazo. Ƙa'idar masana'anta ita ce milimita 0.10 ga bawul mai shigar da iska, milimita 0.25 ga mai fitar da hayaƙi. Na hayaƙi ya fi bukatar sarari ne domin shi ne ke shan wuta, sandarsa tana ƙara tsawo idan ta yi zafi.

Hanyar da muka bi ita ce wadda aka san Peugeot da ita. Idan bawul ɗin hayaƙi na silinda ta ɗaya ya buɗe sosai, sai a saita na iska na ta uku da na hayaƙi na ta huɗu. Idan na ta uku ya buɗe, a saita na iska na ta huɗu da na hayaƙi na ta biyu. Idan na ta huɗu ne, na iska na ta biyu da na hayaƙi na ta ɗaya, idan kuma na ta biyu ne, na iska na ta ɗaya da na hayaƙi na ta uku.

A wannan mataki na ƙarshe ne abin ya fito fili. Ko mafi sirantar harshen fila-geji, abin auna wannan sarari, ya ƙi shiga ƙarƙashin tafet ɗin hayaƙi na silinda ta uku, sandar da ke tura shi ma da ƙyar take juyawa tsakanin yatsu biyu. Babu sarari ko kaɗan tun injin yana da sanyi, ke nan idan ya yi zafi bawul ɗin ba ya zama a mazauninsa, a ɗan buɗe yake kwana yake tashi. Wannan ya bayyana abin da ya sa rawar take ƙaruwa da zafi, ya kuma bayyana abin da ya sa ba a jin ta a guje, domin a lokacin fistin yana sauri iskar ba ta samun damar zurarewa da yawa. Sauran bawul ɗin hayaƙin ma duk a matse suke, ko da yake ba su kai wannan ba. Dattijon ya ce aikin masu son su ji injin ya yi tsit ne, mai mota ya yi ƙorafin ƙarar tafet sai a ɗaure masa su tamau ya tafi yana godiya. A ganina ƙarar tafet 'yar kaɗan ta fi wannan shirun alheri nesa ba kusa ba, tun da bawul ɗin hayaƙi yana sauke mafi yawan zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna a mazauninsa.

Bayan setin, matsin silinda ta uku ya hau zuwa psi 135. Bai kamo 'yan'uwansa ba, mai yiwuwa bakin bawul ɗin ya fara cin wuta ko gawayi ya taru a kansa, amma yanzu zare wayar ta uku tana girgiza injin kamar sauran. Rawar ta ragu da kusan rabi. Cijewa da tarin kuwa suna nan.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na koma kan wuta. Distiributan, mai raba wa fulogi wuta, ƙirar Ducellier ne mai kwantak, wato ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa domin tayar da wutar. Bakin kwantak ɗin ya ci, gefe ɗaya ya yi rami ɗayan ya yi tsiro, wanda yawanci alama ce ta kwandansa ta raunana, buɗewarsa kuma ba ta kai milimita 0.40 da ake bukata ba. Wannan ƙaramin lamari ne. Babban shi ne sandar tsakiya, wadda da na kama ta na girgiza na ji tana wasa hagu da dama, har ina ganin bakin kwantak yana buɗewa da rufewa ba tare da injin ya motsa ba. Sandar da ke wasa haka ba za ta ba silinda huɗu wuta a lokaci iri ɗaya ba, kowacce da nata tayimin, kuma komai ƙwarewar mai seti ba zai iya daidaita ta ba.

Sai kuma ɗan kwanon da ke gefen distiributan, wanda siririn tiyo ke haɗa shi da kafireto domin ya sa wuta ta tashi da wuri idan motar ba ta ɗauke da nauyi. Na cire tiyon na zuƙa da baki. Da fatar robar da ke ciki lafiya take, farantin kwantak zai motsa ya tsaya har sai na saki, amma sai na ji iska tana zuwa ba iyaka. Fatar ta yage, ke nan wuta ba ta gabata lokacin da ya dace, ga kuma wata kafa da iskar da ba a auna ba ke shiga injin.

A Sabon Gari an samu kwantak da kwandansa da robobin bututun fulogi, amma distiributan da aka nuna mini sababbi ne masu walƙiya waɗanda nauyinsu a hannu bai kwanta mini ba. Na gwammace tsohon na asali, aka samo mini shi daga Panteka a Kaduna, sandarsa ba ta wasa, fatarsa tana riƙe iska. Mun wanke ƙarafan da ke buɗewa da gudu a ƙarƙashin farantin, muka ɗiga musu mai, muka ɗora. Tayimin ɗin da fitila muka saita shi a kan alamar da ke jikin fule, an cire siririn tiyon an toshe. Na san kanikawa da yawa da kunne suke yi, kuma kunnen wasunsu abin girmamawa ne, sai dai kunne yana son inda injin ya fi daɗin sauti a tsaye, wurin kuwa yakan zarce ƙa'ida, sai an yi lodi an kama hawa a fara jin fistin yana ƙwanƙwasa.

Da dare na buɗe bonet a cikin duhu injin yana aiki, ban ga tartsatsi yana tsalle daga jikin wayoyin ba, don haka na bar su.

Lahadi, 22 ga Disamba

Tarin ya ɗauke, amma silo bai zauna ba, yana hawa yana sauka da kansa. Na haɗa gejin auna zuƙar iska a jikin manifol, bututun da ke kai cakuɗin mai da iska daga kafireto zuwa silinda. Injin lafiyayye a bakin teku yakan ba da inci 17 zuwa 21 allura a tsaye cak, awon kuma yana raguwa da kimanin inci ɗaya a duk hawan mita 300. Zariya tana sama da mita 600 daga bakin teku, don haka abin da nake sa rai shi ne 15 zuwa 19. Allurar ta tsaya wajen 13 tana lilo a hankali. Tun da an gama da bawul da tayimin, abin da ya rage shi ne iska tana satar hanya.

Na matse babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki da filaya, ba abin da ya canza. Sai na ɗauki gwangwanin feshin wanke kafireto na riƙa fesa kaɗan-kaɗan a mahaɗai, da abin kashe gobara a gefe, domin na ga masu yin wannan gwaji da fetur a cikin gorar ruwa kusa da distiributa mai fitar da tartsatsi, abin da ba zan ba kowa shawararsa ba. A mahaɗar manifol da tof babu komai. Da feshin ya sauka a gindin kafireto ta ɓangaren baya, nan take sautin injin ya canza ya miƙe na ɗan lokaci.

Da muka sauke kafireton sai ga abin da ke ƙasansa: kwalin sabulu ne aka yanka aka shafe da gam, har ana iya karanta ragowar rubutun jikinsa. Da na ɗora ƙarfen awo a kan gindin na ɗaga shi sama, haske yana wucewa ta tsakiya. Ƙarfen kafireto mai taushi ne, yawan ɗaure notinsa da ƙarfi a kowace wanka ya lanƙwasa kunnuwan ƙasa ya bar tsakiyar a sama. Yanzu labarin baƙin fulogin ya haɗu: iska tana shiga ta ƙasa tana tsinka cakuɗin, injin yana mutuwa a silo, makaniki yana buɗe sukurun mai domin ya rufe ɓarakar, motar tana ƙara shan mai, a dawo a sake wankewa a sake ɗaurewa.

Na shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin taga mai kauri, na shafa wa gindin baƙin alƙalami, na riƙa goga shi a zagaye ba tare da dannawa ba har baƙin ya goge ko'ina daidai.

Asabar, 28 ga Disamba

Sai yau aka buɗe cikin kafireton. A ƙasan kwanon mai akwai jan gari mai laushi, tsatsar tanki ce haɗe da ƙura, kuma ba abin mamaki ba ne tun da babu filta ko ɗaya tsakanin tanki da famfo. Na tsiyayi mai daga tankin a cikin kwalba na ajiye, bayan ɗan lokaci ruwa ya kwanta a ƙasa kamar kaurin yatsa. Motar da ta yi shekaru tana shan man 'yan bumburutu a ƙauyuka ba za a rasa wannan a cikinta ba. An sauke tankin an wanke, an sa filta.

Jet ɗin silo ya fi ba ni takaici. Raminsa ya faɗaɗa ya zama ba zagayayye ba, saboda an sha zura masa wayar kebur da sunan fitar da datti, alhali tagulla ce mai taushi kuma an auna ramin ne da ɗaya bisa ɗari na milimita. Iska ake hura wa jet, ba a soka masa ƙarfe. Mun samo wani mai lamba iri ɗaya daga wani mataccen kafireto da ke garejin. Fatar ɗan famfon da ke watsa mai idan an taka totur ta bushe ta yi tauri, maimakon tsiri mai ƙarfi sai ɗigo take fitarwa, wannan shi ne cijewar da ake ji. An canza ta. Fulot bai sha mai ba, allurarsa tana rufewa. Mun ɗora kafireton a kan gaskit na gaskiya, muka ɗaure notin a gicciye kaɗan-kaɗan da gajeriyar sifana.

Filtar iska irin mai kwanon baƙin mai ce, abin da ke cikin kwanon ya zama taɓo. A wannan lokaci na hunturu da ƙura ke sauka dare da rana, duba ta ya kamata ya zama aikin kowane mako.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

An sa sababbin fulogi, aka bar injin ya yi zafi sosai kafin a taɓa sukurori. Na mayar da sukurun mai ciki a hankali har sautin ya fara raunana, na dawo da shi baya zuwa inda allurar geji ta fi hawa, sannan na sauke gudun silo zuwa kimanin juyi 900 a minti, na maimaita har suka daidaita. Sukurun ya zauna a can ciki, nesa da inda na same shi. Allurar tana kan inci 17, da ɗan motsi kaɗan wanda nake danganta shi da silinda ta uku.

Na gwada ta da lodin buhunan masara daga Giwa, ta biyo ta Shika da Samaru har Sabon Gari. Ba ta ƙwanƙwasa a hawa ba, ba ta cije ba, a Kwangila kuma ta tsaya a silo ƙafata tana ƙasa. Da na cire fulogin bayan dawowa, huɗun sun yi launin ƙasa-ƙasa, na ukun ya ɗan fi duhu.

Wajen jiran injin ya yi zafi na lura allurar zafi ta daɗe ba ta tashi ba, da muka buɗe mahaɗar babban tiyon lagireto sai muka ga babu tamostat, abin da ke tare ruwa har injin ya yi zafi, an cire shi kamar yadda aka saba yi a nan da zaton yana sa mota zafi. Injin da ke aiki da sanyi ba ya ƙona mai da kyau, musamman da safiyar hunturu, don haka na ba da saƙon a nemo shi. Sandar maƙogwaron kafireto ma tana ɗan wasa, feshi yana nuna 'yar iska tana bi ta nan, za a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya sa mata bushi. Matsin silinda ta uku za a sake auna shi bayan tafiyar kilomita 1,000, tare da duba tafet ɗinsa. Idan ya tsaya a 135 ko ya hau, za a bar tof ɗin a inda yake. Idan ya sauka, ko sararin ya sake matsewa, za a sauke shi a gyara bawul ɗin, kuma na riga na roƙi Baba ya tanadi ƙarafan ɗaure silif kafin ranar.